Na Ce Ina Fata

"Sake faɗa, Auta. Fankar nan ta cika ƙara, ban ji ki ba."

"Na ce ina fata, Baba Fasto."

Ya ji ni sarai tun farko. Fankar ofishinsa ko juyawa ba ta yi, an ɗauke wuta tun kafin mu shigo. Dama ce kawai ya ba ni in gyara bakina, ni kuwa na maimaita.

Ya zare tabarau ya ajiye a kan tebur, ya murza idanunsa da yatsu. Dogo da ke zaune kusa da ni ya juyo gaba ɗayansa, har kujerar roba ta yi ƙara a ƙarƙashinsa. Ban dube shi ba. Na zuba wa hannuwana ido, da siririn zoben alkawarin da ya sa mini, wanda har yau yake mini ɗan yawa.

Masu karatuna, bari in mayar da ku baya kaɗan ku ga ramin da na faɗa. A cocinmu ba a sanar da aure gaban jama'a sai masu auren sun zauna da Fasto, daga nan su tsaya gaban dattawan ikilisiya, kowa ya ba da shaidar bangaskiyarsa da bakinsa. Tambaya ɗaya ce, kowa ya san ta, kowa ya san amsarta: in Ubangiji ya kira ka yau, ka san inda za ka? Dogo aka fara tambaya. Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Na tabbata, Baba. Wurin Yesu za ni." Muryarsa ta cika ɗakin, irin muryar nan da ta sa na fara sonsa. Sai aka juyo kaina. Ni 'yar dattijon ikilisiya, ni mai ba da waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ni da nake cinye gasar haddar ayoyi tun ina da giɓi a baki. Na buɗe baki da niyyar in ce na tabbata. Abin da ya fito shi ne wanda kuka ji.

"Ni na yi miki baftisma," in ji Fasto a hankali. "Da hannun nan na nutsar da ke, na ɗago ki kina dariya ruwa na zuba ta hancinki."

"Na tuna, Baba."

"To me ya faru?"

"Ban sani ba."

Na sani. Zan gaya muku, amma shi ba zan iya gaya masa ba.

"Fata ba zunubi ba ce, 'yata. Sai dai ba ita na tambaye ki ba." Ya mayar da tabaraunsa. "Dattawa za su zauna ranar Asabar. Saboda jikin babanki, a falonku za a yi zaman. In komai ya tafi daidai, Lahadi a yi sanarwa. Je ki yi addu'a."

Dogo mai haɗa sola ne. Motar aikinsa tsohuwa ce, tsani ɗaure a samanta, batura da wayoyi a baya suna ƙara duk ramin da ta faɗa. Kullum in na shiga sai ya kakkaɓe mini kujera da hularsa yana cewa sarauniya ta yi haƙuri da fadar talaka. Ranar bai kakkaɓe ba. Muna kan hanyar gida ya juyo ya dube ni.

"Wasa kike yi, ko?"

"Da ma a ce wasan ne."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"An ɗan jima." Ya girgiza kai. "Kina tsayawa gaban jama'a kina ba da waƙa, mata na share hawaye, ni ina bayanki da jita ina ce wa Allah me na yi maka ka ba ni wannan. Ashe..."

"Ashe me? Ƙarasa mana."

Bai ƙarasa ba. Ya gangara gefen titi, gaban wani shagon faci, ya kashe mota. Hannuwansa duka biyu a kan sitiyari, tabon ƙunar waya na nan a bayan na hagun.

"Kin san inda aka tsinto ni, Auta. A bakin kwata, da amai a gaban riga. Ni ban gaji coci ba kamar ku. Ba ni da uba dattijo, ba ni da uwa a zumuntar mata. Abu ɗaya nake da shi, na san wanda ya ciro ni. In aka cire wannan, babu Dogo."

"Ban ce a cire maka ba."

"Ina son ki har abin na ba ni tsoro. Amma ki gaya mini, ta yaya zan riƙa kallon fuskarki kullum ina tunanin watakila a duniyar nan kaɗai zan gan ta?"

Na karanta littattafan soyayya fiye da yadda ya kamaci 'yar dattijo, wasu a ɓoye cikin bangon littafin waƙoƙi. A cikinsu abin da ke raba masoya uwar miji ce, ko tsohuwar budurwa, ko talauci. Ban taɓa cin karo da inda namiji ya faɗa wa mace maganar da ta fi kowace daɗi, ita ce kuma ta fi kowace ciwo ba. Na juya fuskata wajen taga, na kalli mai faci yana tsoma tayar keke a ruwa yana neman inda take yoyo.

Labarin ya riga ni isa gida. Ina tura ƙofar falo na ga rigar aurena rataye a jikin labule cikin ledarta, tela ya kawo a gwada. Fara ce sol, mai dogon hannu, da ƙananan duwatsu a wuya waɗanda ni da kaina na zaɓa. A ƙarƙashinta Gwaggo ce zaune, ƙanwar Baba, wadda ta zo jinya ta mayar da ɗakina nata.

"Ga mai fata ta dawo," ta ce. "Ta akuya ce ko ta saniya? In mai laushi ce a ɗinka mini jaka."

Mama ba ta yi dariya ba. Tana tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu.

"Matar Fasto ta kira ni. Wai ba tsegumi ba, in taya ki addu'a ne. Kin san ma'anar wannan? Kafin gobe duk zumuntar mata na taya ki addu'a."

"Mama, ki yi haƙuri."

"Ba haƙuri nake nema ba. Kalma biyu ce, Auta. Na, tabbata. Ko aku aka koya wa zai faɗa."

"Shi ya sa, Mama. Ba na so in zama aku."

"Ji ta," in ji Gwaggo. "Karatu ya yi mata yawa. Mu a zamaninmu in an tambaye ka, ka amsa, a tafa, a tashi."

Mama ta matso kusa, ta rage murya saboda ɗakin Baba na jikin falon. "Ki faɗa da baki, zuciya za ta biyo daga baya. Haka kowa ke yi."

"Ke ma haka kika yi?"

Hannunta ya ɗaga. Na rufe ido ina jira. Da na buɗe sai na ga ɗankwalinta take gyarawa.

"Kina nan likita ya gaya mana abin da ya gaya mana," ta ce. "Babanki abu ɗaya ya roƙa. A tura shi a kekensa na marasa lafiya har gaban bagadin coci, ya miƙa ki da hannun da ya rage masa. Ke kaɗai kika rage a gabansa. In kika ja abin nan har lokaci ya ƙure, ki sani ke kika hana shi, ba ciwo ba."

Ta koma kicin. Na ji ta buɗe famfo da ƙarfi, na san ba wanke-wanke take yi ba.

To, yanzu ku matso, in faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba.

Babana tsohon malamin lissafi ne, dattijo a cocinmu tun kafin a haife ni. In an yi rasuwa shi ake ba magana a bakin kabari. Zai tsaya da baƙar kwat ɗinsa, ya dubi masu kuka ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Mun san inda ɗan'uwanmu yake." Ba ya ɗaga murya. Yadda yake ce wa ɗalibai biyu da biyu huɗu ne, haka yake faɗar ta, sai ka ga gwauruwa ta ɗago kai. Ni a kan wannan muryar na girma. Ban taɓa tambayar kaina komai ba, don Baba ya riga ya amsa.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a banɗaki. Ɓangaren dama ya mutu, baki ya karkace, magana sai da ƙyar. Aski ya dawo hannuna, don hannun Mama na rawa, Gwaggo kuwa Baba ya nuna da kai cewa gara gemu da a cire masa kunne.

Wata rana da la'asar ina yi masa askin a bakin taga. Na shafa kumfa, na gama kuncin hagu, na ɗaga reza zan koma na dama. Sai ya cafke wuyan hannuna da hannunsa mai rai. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba.

"Auta."

"Na'am, Baba. Na yanke ka?"

"In na je..." Ya yi ta kokawa da harshensa. "In na je... ya ce... bai san ni ba fa?"

Hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa sosai, ya yi hanya a cikin kumfar.

Na yi abin da aka koya mini. Na zubo masa ayoyi, wannan na bin wannan, duk waɗanda shi da kansa ya sa ni na haddace. Ina faɗa ina jin muryata kamar rediyon maƙwabta. Ya saurara, ya saki hannuna, ya rufe ido. Na ƙarasa askin, na wanke reza, na shiga banɗaki na zauna a bakin baho har ƙafafuna suka yi sanyi.

Tun ranar tambaya ɗaya ke cina. In mutumin da ya tsaya bakin kaburbura yana cewa mun sani bai sani ba, ni me na sani? Abin da nake kira bangaskiyata, tawa ce, ko irin hancin nan ne da na gada a wurinsa? Na yi addu'a, Allah ya sani na yi. Wata rana sai in ji kamar ana saurarona. Wata rana silin kawai nake gani, da tabon ruwan da ke kusurwarsa. Kuma ba ni da wanda zan faɗa wa, domin in na faɗi dalilina na tuɓe Baba a gaban mutanen da ya yi rayuwarsa yana ƙarfafawa.

Kwanakin da suka biyo baya wayata ba ta huta ba. 'Yan ƙungiyar mawaƙa na turo hoton hannuwa a haɗe, wasu da ban taɓa hira da su ba suna tambayar ya jiki. Dogo kuwa da farko lambobin ayoyi kawai yake turowa, babu gaisuwa, babu sarauniya. Daga baya ya turo saƙon murya yana yi mini addu'a, ana jin iska da ƙarar kwano a bayansa, alamar a kan rufin wani yake. Na saurara har na haddace inda muryarsa ta karye.

Ranar Juma'a da rana ina kantin maganin da nake aiki, ina jera kwalaben maganin tari, sai wayar ta yi motsi a aljihun farar rigata.

"Na kasa aiki. Saura kaɗan in faɗo daga rufin mutane."

"Don Allah ka yi hankali."

"Auta"

"Na'am"

Na ga yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Wata mata ta shigo neman maganin ciwon haƙori, na sallame ta ido ɗaya a kan waya.

"Gobe ki faɗa musu kawai. Ni na san ke ta Ubangiji ce ko da ke ba ki sani ba. Mu wuce wannan, sauran mu gyara a gidanmu."

Kafin in gama karantawa karo na biyu saƙon ya ɓace, ya goge. Sai wani ya shigo.

"Kin gani?"

"Na gani."

"To."

Na shiga ɗakin ajiya na zauna a kan kwalin ruwan ƙari na yi kuka mai isata. Ku fahimce ni, da ya ci gaba da fushi da sauƙi. Wannan fa Dogo ne, wanda ya taɓa tattara kayan aikinsa ya bar babban aiki saboda an ce ya liƙa wa tsofaffin batura sabuwar takarda. Ranar da ya ba ni wannan labarin yana dariya, ranar na ce a raina wannan zan aura. Yau sona ya kai shi inda yake roƙona in yi ƙarya gaban Allah. Ni na kai shi nan. Wata zuciyar kuma, kada in ɓoye muku, daɗi ta ji. Ta ce kin ga yadda yake son ki? Faɗi kawai, ki sa farar rigarki, Baba ya miƙa ki, kowa ya huta.

Da wannan shawarar na tashi ranar Asabar. Zan faɗa.

Mama ta sa aka goge falo, aka aro kujeru, aka ɗauke rigar aure daga jikin labule. Ta fito mini da doguwar riga ruwan toka mai rufe wuya, ta ce ita ce ta fi kama da nutsuwa. Ta ce in je in yi wa Baba aski, a sa masa baƙar kwat, tun da yau abokansa za su gan shi.

Na zaunar da shi a bakin taga, na ɗaura masa tawul. Ina shafa kumfa yana bina da ido.

"Na ji," ya ce.

"Me ka ji, Baba?"

"Bango... ba kauri." Ya huta. "Ni na... jawo?"

"A'a, Baba."

"Ƙarya."

Na ajiye buroshi. Idona ya cika, na kasa ganin fuskarsa da kyau.

"Zan faɗa musu abin da suke so," na ce. "Kada ka damu. Za ka miƙa ni."

Ya girgiza kai, kumfa ta ɗiga a kan tawul.

"Ba... a kaina ba."

"Baba, likita ya ce..."

"Na ji likita." Ya ja numfashi mai tsawo. "Na yi shekaru... ina faɗa. Da sauƙi... a kabarin wani."

Ban taɓa jin magana mai nauyi irin wannan daga bakinsa ba. Na durƙusa a gaban keken, na riƙe gwiwarsa.

"Har yanzu kana jin tsoron?"

"Wata rana."

"In ya zo me kake yi?"

"Ina kiransa."

"Yana amsawa?"

A waje na ji an tsayar da mota, na gane ƙarar tsanin da ke samanta.

"Ban da... wani wurin zuwa," ya ce. "Ke fa? In tsoron ya zo... wa kike kira?"

"Shi."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na jira ƙari, ko ya ce wannan ya isa, ko ya ce bai isa ba. Ya ɗaga haɓa kawai, alamar in ƙarasa aikina.

Da na turo shi falo dattawa sun riga sun zauna, Fasto a tsakiyarsu. Suka miƙe suka gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na kama hannun hagun da hannu biyu, suna cewa jiki ya yi kyau. Mama na zaune a gefe da sabon ɗankwali, Gwaggo ta laɓe a ƙofar kicin da faranti a hannu don a ce aiki take. Dogo na kusa da ƙofa cikin farar riga mai dogon hannu, ya yi aski, idanunsa sun faɗa. Da muka haɗa ido ya sunkuyar da kai.

Aka yi addu'a. Aka tambayi Dogo, ya tashi ya ba da shaidarsa, kwata da kwalba da ranar da ya durƙusa. Da ya zo kan "na tabbata" muryarsa ba ta cika ɗakin ba kamar ranar nan, amma ya faɗa, na kuma san gaskiya ya faɗa. Dattawa suka ce amin.

"Auta," in ji Fasto. "Tashi, 'yata. Nan duk iyayenki ne. In Ubangiji ya kira ki yau, kin san inda za ki?"

Na tashi. Mama ta ɗan gyaɗa mini kai, leɓunanta na motsi, tana faɗa mini kalmomin ba sauti.

"Iyayena," na ce, "na gaskata Yesu ya mutu saboda masu zunubi, ya kuma tashi. Wannan ban taɓa shakkarsa ba. Kaina nake shakka. Ban sani ba ko ni na karɓe shi, ko a gida na tarar da shi kamar kujerun nan. Ina kiransa kullum. Ban daina ba, ba kuma zan daina ba."

"Auta," in ji Mama.

Wani dattijo ya ɗaga mata hannu. Mafi tsufansu ya gyara zama, ya dube ni ta saman tabarau.

"Yarinya, kin san abin da amsar nan za ta jawo? Gobe ne sanarwa. Ga babanki zaune."

Na dubi Baba. Yana zaune a miƙe cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa yanzu, da ɗan yankan reza a ƙarƙashin kunne wanda na yi masa ɗazu. Bai gyaɗa kai ba, bai girgiza ba. Daga bakin ƙofa na ji makullan mota sun yi ƙara a hannun Dogo, ban kuma san ko tashi zai yi ko matse su yake ba. Ban juya ba, don na san in na ga fuskarsa zan faɗi abin da ba shi ne a raina ba.

"Na sani, Baba," na ce wa dattijon. "Kada a yi sanarwa gobe. Ba zan ce na tabbata ba sai ranar da na tabbata. Dogo, in za ka iya jira, ka jira ni. In ba za ka iya ba, zobenka na nan a hannuna, ka faɗa a gaban iyayen nan in cire maka."